Filin Tambaya da Amsa: Ikilisiyar Northampton a Zamanin Fasto Jonathan Edwards

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda, wato tarihin ikilisiyar garin Northampton da ke Massachusetts a Amurka, daga 1727 zuwa 1750, shekarun da Jonathan Edwards ya yi yana fastonta. Ikilisiyar ta ɗarikar Kongirigeshan ce, irin wadda kowace majami'a take mulkin kanta. Mun taƙaita wasu tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Malamai, barkanku da aiki. An faɗa mana a aji cewa membobin coci ne da kansu suka sallami Edwards, mutumin da har yau ake karanta littattafansa. To ina bishop? Ina hedikwatar ɗarika? Yaya za a kori fasto da ƙuri'a? (Daga wani ɗalibin makarantar tauhidi)

AMSA: Barka kadai, ɗalibi. A wannan tsari babu bishop, babu kuma hedikwatar da za ta tura fasto ko ta ɗauke shi. Ikilisiyoyin yankin New England, inda Massachusetts take, sun rubuta ƙa'idarsu a garin Cambridge na Massachusetts a 1648, kuma ginshiƙinta shi ne cewa ikilisiya tana kafuwa ne a ranar da wasu masu bi suka ɗaura alkawari da Allah da kuma junansu. Daga ranar su ne masu iko da al'amuransu a ƙarƙashin Almasihu. Garin Northampton an kafa shi a 1654, ikilisiyarsa kuma ta ɗaura nata alkawarin a watan Yuni na 1661, da Eleazar Mather a matsayin fasto na farko.

Wanda yake so ya fahimci rigimar da ta biyo baya, dole ya raba taro biyu da mutane suke yawan cakuɗawa. Akwai taron ikilisiya, inda maza cikakkun membobi kaɗai suke jefa ƙuri'a. Mata ba su da ƙuri'a duk da yawansu a majami'a. Wannan taro ne yake karɓar sabon memba, ya yi horo, ya kira fasto, ya kuma sallame shi. Sannan akwai taron gari, na masu biyan haraji, ko suna cin Jibin Ubangiji ko ba sa ci. Su ne suke yanka albashin fasto, su gina majami'a, su raba wuraren zama a cikinta, domin dokar Massachusetts ta wajabta wa kowane gari ya ɗauki nauyin fasto da kuɗin haraji. Wannan doka ba ta faɗi ba sai a 1833.

Idan rigima ta fi ƙarfin gida, sai a gayyaci majalisar maƙwabta: kowace ikilisiyar da aka gayyata ta turo fastonta da wakili ɗaya daga cikin membobi. Aikinsu sauraro da ba da shawara, ba su da ikon tilasta wa kowa. Amma ba a cika raba fasto da ikilisiya ba tare da bakinsu ba, don haka wanda ya samu rinjaye wajen zaɓen ikilisiyoyin da za a gayyata, kusan ya ci shari'ar tun kafin a zauna.

Raunin tsarin yana nan a fili. Fasto ne shugaban taron ikilisiya, yana iya ƙin gabatar da batun da bai yarda da shi ba. Gari kuma yana iya jan ƙafa wajen biyan albashi. Kowa yana riƙe da abin da zai matsa wa ɗan'uwansa, kuma babu wani na sama da zai raba gardama. An yi amfani da dukkan hanyoyin biyu a Northampton.

TAMBAYA: Ta yaya aka ɗauke shi aiki tun farko, kuma me aka ba shi? (Daga wani ma'ajin ikilisiya)

AMSA: Ranka ya daɗe, gado ya tarar. Faston garin a lokacin shi ne Solomon Stoddard, kakansa na wajen uwa, wanda ya fara wa'azi a Northampton a 1669, aka keɓe shi fasto a 1672. Da tsufa ya kama shi, sai aka nemi mataimaki. Edwards, wanda aka haifa a 1703, ya gama Kwalejin Yale a 1720 kuma ya koyar a can, ya zo ya yi wa'azin gwaji a ƙarshen 1726. Matakan su ne na kullum: wa'azin gwaji na wasu makonni, ƙuri'ar kira, yarjejeniyar kuɗi da gari, sannan fastocin maƙwabta su zo su ɗora hannu. An keɓe shi ranar 15 ga Fabrairu 1727. A watan Yuli na shekarar ya auri Sarah Pierpont. Stoddard ya rasu a Fabrairu 1729, ikilisiyar ta koma hannun jikansa mai shekara 25.

Kuɗin kashi biyu ne. Akwai kuɗin zama, wanda ake bayarwa sau ɗaya don fasto ya mallaki gida: fam 300, haɗe da fili kimanin eka 50 na kiwo da noma. Akwai kuma albashin shekara, wanda ya fara da fam 100. Ma'anar ba da gida da gona ita ce ana sa ran mutum zai zauna har mutuwa, kamar yadda kakansa ya yi kusan shekara 60.

Matsalar albashin ita ce ba a tsayar da shi ba. Kowace shekara sai taron gari ya sake tattauna shi, ga kuɗin takarda na Massachusetts yana ta zubewa daraja, ga iyali suna ƙaruwa har suka kai 'ya'ya 11. Wannan ya ba kowane mai biyan haraji damar leƙa tukunyar fasto sau ɗaya a shekara. An yi ta gunaguni a kan tufafin iyalinsa da kayan adon matarsa, a 1744 kuma har Sarah ta rubuta wa mai karɓar haraji tana roƙon a biya bashin albashi. Sai a 1748 aka amince da tsayayyen albashi da zai riƙa bin farashin kayan masarufi. Albashin kuwa mai tsoka ne idan aka gwada da na sauran fastocin karkara, abin da ya sa masu ƙorafi ba su taɓa rasa abin faɗa ba.

TAMBAYA: Na karanta cewa rigimar a kan Jibin Ubangiji ce. Mene ne bambancin ra'ayin Edwards da na kakansa? Ku yi mana dalla-dalla. (Daga wani dattijon ikilisiya)

AMSA: Baba, sai mun koma baya kaɗan. Turawan da suka kafa waɗannan ikilisiyoyi a shekarun 1630 sun ɗora sharaɗi mai nauyi: ba a zama cikakken memba sai mutum ya ba da labarin yadda Allah ya juyo da zuciyarsa, ikilisiya ta gamsu. 'Ya'yan membobi ana yi musu baftisma tun suna jarirai. Da 'ya'yan suka girma, da yawansu mutanen kirki ne amma ba su da irin wannan labari da za su bayar. Sai tambaya ta taso: su kuma nasu 'ya'yan fa, a yi musu baftisma ko a bar su? Babban taron 1662 ya yanke cewa wanda aka yi wa baftisma, ya yarda da koyarwar ikilisiya, ba ya cikin abin kunya, yana iya kawo 'ya'yansa baftisma, amma shi kansa ba zai ci jibi ba, ba zai jefa ƙuri'a ba. Wannan tsari shi ake kira rabin alkawari.

Stoddard ya wuce nan. Ya ce babu mahaluƙin da zai iya tantance wanda aka sāke haihuwarsa da wanda ba a sāke ba, don haka kada ikilisiya ta ɗora wa kanta aikin da ba za ta iya ba. Duk wanda ya san koyarwa, ya yarda da ita, rayuwarsa ba abin zargi, to ya zo tebur. Har ya koyar da cewa jibin kansa yana iya zama hanyar da Allah zai tubar da mutum. Kada a ɗauka sakaci ne ya kai shi ga haka. Mai wa'azin tuba ne mai zafi, kuma ya ga farkawa, wato lokacin da mutane da yawa suke tuba a tare, sau biyar a zamaninsa, a 1679, 1683, 1696, 1712 da 1718. Yawancin ikilisiyoyin gundumar Hampshire, inda Northampton take, sun bi tsarinsa.

Edwards ya yi aiki da wannan tsari kusan shekara 20. Abin da ya dawo yana nema shi ne mai son shiga ya furta da bakinsa cewa, iyakar saninsa da zuciyarsa, ya miƙa kansa ga Allah gaba ɗaya bisa alkawarin da aka hatimce a baftismarsa, kuma ya ƙudura yin biyayya muddin ransa. Ya rubuta samfurin wannan furci, gajere ne, 'yan layuka. Bai nemi dogon labarin tuba irin na mutanen farko ba, bai kuma ce shi yana ganin zuciyar mutum ba, ko da yake abokan hamayyarsa sun yi ta jingina masa hakan. Hujjarsa ita ce mutum ba zai tsaya gaban jama'a ya ɗauki alkawarin da shi kansa ya san ba ya nufi ba.

Inda abin ya fi yi wa mutanen gari zafi shi ne baftisma. A ra'ayin Edwards, iyayen da ba su yi wannan furci ba, ba za su kawo jariri baftisma ba. A garin da kusan kowane gida ya saba ganin an yi wa ɗansa baftisma, kuma jarirai suna yawan mutuwa, wannan magana ta shiga kowane ɗaki. Mai nazarin da ya tsaya kan jibi kaɗai zai kasa gane dalilin da fushin ya kai haka.

TAMBAYA: Gaskiya ne mutum 300 suka tuba cikin wata shida? Idan haka ne, ina suka shiga lokacin da ake korarsa? (Daga wata malamar makarantar Lahadi)

AMSA: Malama, lissafin Edwards ne da kansa, a rahoton da aka buga a Landan a 1737 da taimakon wasu fastocin Ingila biyu, Isaac Watts da John Guyse. Ya ce yana fata fiye da mutum 300 sun sami ceto cikin rabin shekara, a garin da ke da gidaje kimanin 200, kuma masu cin jibi sun kai wajen 620, kusan dukkan manyan garin ke nan.

Abin ya faro ne a 1734 a tsakanin matasa. Mutuwar farat ɗaya ta wani saurayi a watan Afrilu ta girgiza su, Edwards ya shawo kansu suka bar yawon daren Lahadi suka koma taruwa ƙungiya-ƙungiya a gidaje don addu'a. A ƙarshen shekara ya yi jerin wa'azi a kan barata ta wurin bangaskiya kaɗai. Abin ya kai ƙololuwa a Maris da Afrilu na 1735, ya bazu zuwa garuruwa da dama a kwarin kogin Connecticut. Ya lafa bayan ranar Lahadi 1 ga Yuni 1735, da Joseph Hawley, mijin 'yar'uwar mahaifiyar Edwards, mutumin da baƙin ciki ya daɗe yana damunsa, ya kashe kansa.

Ga abin lura a lissafin. Ana cin jibi a Northampton duk bayan mako takwas. Edwards ya ce ya karɓi kusan mutum 100 kafin wani jibi, kusan 60 kafin na gaba. Amma ya karɓe su ne ta ƙofar Stoddard, wadda ba ta neman shaidar tuba, kuma shi da kansa ya faɗi haka a rahoton. Saboda haka yawan sunaye a littafin ikilisiya bai tabbatar da yawan tubabbu ba. Da shekaru suka wuce ya ga da yawa sun koma halinsu na dā, sai ya fara zargin kansa da saurin yarda. Farkawa ta biyu ta zo bayan ziyarar George Whitefield, mai wa'azi daga Ingila, a Oktoba 1740. Don ya ɗaure abin kada ya sake zubewa, ranar 16 ga Maris 1742 ya sa duk wanda ya haura shekara 14 ya sabunta alkawari a rubuce: gaskiya a ciniki, biyan bashi, barin gulma da ɓangaranci, kamun kai ga matasa. Bayan shekara biyu aka ga alkawarin bai riƙe ba. Amsar tambayarki ke nan: da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kore shi a 1750, su ne waɗanda ya karɓa a 1735 da 1741, kuma sun ji sabon sharaɗin nasa tamkar yana cewa tubarsu ta ƙarya ce.

TAMBAYA: Ba wa'azin nan nasa mai ban tsoro a kan masu zunubi a hannun Allah mai fushi ne ya sa suka gaji da shi ba?

AMSA: A'a. Wa'azin da ya yi suna an yi shi ne a garin Enfield ranar 8 ga Yuli 1741, daga Kubawar Shari'a 32:35. Ya riga ya yi shi a Northampton 'yan makonni kafin nan, kuma babu labarin ya tayar da wata ƙura. Mutanen da suka girma a ƙarƙashin Stoddard sun saba jin wa'azin wuta tun suna yara. Babu inda batun ya fito a cikin ƙarar da aka kai gaban majalisar maƙwabta.

TAMBAYA: Ruwa ba ya tsami banza. Kafin maganar jibi, me ya ɓata tsakaninsu? (Daga wani fasto mai ritaya)

AMSA: Gaskiyarka, Baba Fasto. Albashi mun riga mun faɗa. Ga sauran.

Rabon kujeru ya fara nuna halin garin. Ana cikin gina sabuwar majami'a, ranar Lahadi 13 ga Maris 1737, benen tsohuwar ya rufto a kan jama'a ana tsakar wa'azi, Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Da aka gama sabuwar, taron gari ya umarci kwamitin rabon wurare ya fara duba dukiyar mutum, sannan shekarunsa, alhali a dā shekaru ne a gaba. An shiga ginin ranar 25 ga Disamba 1737 (Lahadi ce kawai a wurinsu, ba sa bikin Kirsimeti), Edwards kuma ya yi wa'azi a kan wurare masu yawa na gidan Uba, yana tuna wa masu kujerun gaba cewa ba za su daɗe a kansu ba. Shi da kansa ya rubuta cewa garin ya daɗe a rabe biyu, manyan masu filaye da masu jin haushinsu.

Babbar ɓaraka ita ce ta 1744. Wasu samari, yawancinsu 'yan shekara ashirin da wani abu kuma membobin ikilisiya, sun samu littattafan koyar da unguwarzoma suna yawo da su, suna amfani da abin da ke ciki suna yi wa 'yan mata maganganun batsa. Laifi ne na gaske, kuma ya cancanci horo. Kuskuren yana wajen hanya. Bayan sujada Edwards ya tsayar da maza, aka naɗa kwamiti, sai ya karanta sunayen waɗanda za su zo gidansa, bai bambanta wanda ake tuhuma da wanda zai ba da shaida ba. A cikin sunayen akwai 'ya'yan manyan gidaje. Kafin mutane su isa gida gari ya ɗauka. Iyayen da suka yarda da binciken da safe suka juya masa baya, samarin suka raina kwamitin a fili, wasunsu ma suka tafi shagon giya ana jiransu. An ƙare da 'yan kaɗan sun amsa laifi, amma kwarjinin fasto a idon matasa ya tafi. A ganinmu, da ya bi matakan Matiyu 18, ya fara ganin kowane saurayi shi kaɗai, sannan da iyayensa, da abin bai kai haka ba.

Wannan yana da alaƙa da yadda yake aiki. Almajirinsa Samuel Hopkins, wanda ya zauna a gidansa, ya ce yakan yi awa 13 a rana a ɗakin karatu, kuma ba ya zagaya gidaje sai an kira shi wurin mara lafiya ko mai wata damuwa. Ƙofarsa a buɗe take ga mai neman shawara, amma bai iya hira ba, ya kuma san haka. Faston da ba ya zama a zauren mutane ba ya jin gunaguni sai ya riga ya zama ƙuri'a.

Sai kuma shari'ar Elisha Hawley, ɗan marigayi Joseph Hawley da muka ambata, wanda ya yi wa wata yarinya ciki. Iyalan biyu sun sasanta da kuɗi, Edwards ya dage sai an yi aure, majalisar maƙwabta ba ta goyi bayansa a kan tilasta auren ba. Ɗan'uwan Elisha, lauya Joseph Hawley ƙarami, shi ne daga baya ya zama bakin masu neman a sallame shi. A Yuni 1748 kuma Kanar John Stoddard, kawun Edwards, mutumin da ya fi kowa faɗa a ji a gundumar, ya rasu. Wata shida bayan rasuwar garkuwarsa Edwards ya buɗe maganar jibi.

TAMBAYA: Ku ba mu matakan sallamar ɗaya bayan ɗaya, da yadda ƙuri'a ta kasance. (Daga wani sakataren majalisar dattawa)

AMSA: Daga 1744 zuwa ƙarshen 1748 ba wanda ya nemi shiga ikilisiyar, don haka Edwards bai samu dalilin aiki da sabon ra'ayinsa ba, ko da yake ya nuna alamarsa a littafin da ya buga a 1746. A Disamba 1748 wani saurayi ya zo. Edwards ya nuna masa samfurin furcin. Saurayin ya ji ra'ayin mutanen gari, ya dawo ya ce zai iya furtawa, amma ba zai yi abin da ba dokar ikilisiya ba ne. Ya janye.

A Fabrairu 1749 Edwards ya bayyana wa kwamitin ikilisiya matsayinsa, ya nemi izinin yin wa'azi a kai. Suka ƙi, suka ce ya rubuta. A Afrilu ya yi tayin sauka da kansa, da sharaɗin mutane su karanta littafin tukuna, majalisa kuma ta amince. Littafin ya fito a Boston a watan Agusta, kaɗan ne daga mutanen garin suka karanta. Taron gari ya shiga matsa wa taron ikilisiya lamba a rabu. Majalisar share fage ta zauna a Disamba 1749, ta sake zama a Fabrairu 1750. Edwards ya yi amfani da ikonsa ya shirya laccoci ranakun Alhamis a Fabrairu da Maris. Majami'a ta cika, amma yawanci baƙi ne daga garuruwan kewaye.

Watanni aka kwashe ana kai ruwa rana a kan abu ɗaya: wa za a gayyata majalisar ƙarshe? Ikilisiya ta ce daga gundumar Hampshire kaɗai, ta san kusan duk fastocin can mabiya Stoddard ne. Edwards ya ce a bar shi ya gayyato daga waje. Aka daidaita a kan ikilisiyoyi goma, kowane ɓangare ya zaɓi biyar, biyu daga cikin na Edwards su fito daga wajen gunduma. Da haka kujeru za su zama 20, goma da goma. Sai ikilisiyar Cold Spring, ɗaya daga cikin zaɓinsa, ta ƙi turo wakili. Fastonta Edward Billing ya zo shi kaɗai, kujeru suka zama 19.

Majalisa ta zauna ranar Talata 19 ga Yuni 1750. Ta nemi jin ra'ayin ikilisiya, aka kira taro. Daga cikin maza membobi kimanin 230, mutum 23 ne kawai suka tsaya wa fasto. Majalisar ta yanke da ƙuri'a 10 da 9 cewa a raba su, ranar Juma'a 22 ga Yuni. Ta wanke shi daga zargin rashin gaskiya, ta kuma shaide shi ga duk ikilisiyar da ke da ra'ayi irin nasa. Marasa rinjaye suka rubuta takardar ƙin amincewa, suna cewa an yi gaggawa kuma mutane ba su saurari hujjarsa ba. Ya yi wa'azin ban kwana ranar 1 ga Yuli daga 2 Korintiyawa 1:14, a kan ranar da fasto da jama'arsa za su sake haɗuwa gaban Mai Shari'a.

Idan aka tambaye mu, kowane ɓangare yana da nasa. Ikilisiya ta hukunta koyarwar da ta ƙi ji, ta ƙi karantawa. Shi kuma ya riƙe sauyin ra'ayinsa shekaru bai shirya mutane ba, ya fito da shi bayan an tsayar masa da albashi kuma kawunsa ya rasu, har abokan hamayya suka samu bakin cewa da gangan ya jira.

TAMBAYA: An ce yana da bayi. Haka ne?

AMSA: Haka ne. A 1731 ya je Newport ya sayi wata yarinya mai suna Venus a kan fam 80, takardar cinikin tana nan har yau, kuma gidansa bai rabu da bayi ba har rasuwarsa. A 1741 ya rubuta kariya ga wani fasto da jama'arsa suka zarga da mallakar bawa, inda ya halatta riƙe bayi amma ya soki ci gaba da kamo mutane daga Afirka. A littafin ikilisiyar Northampton akwai baƙaƙen fata da ya karɓa cikakkun membobi. Ɗansa Jonathan ƙarami da almajirinsa Hopkins sun zama masu yaƙi da bauta gaba ɗaya.

TAMBAYA: Bayan sallamar me ya faru da shi da kuma ikilisiyar?

AMSA: Yana da shekara 46, da 'ya'ya goma a raye, na ƙarshen jariri ne, kuma ba shi da wurin zuwa. Ikilisiyar ma ba ta da wanda zai hau mumbari, sai ta riƙa ɗaukarsa haya mako-mako yana yi musu wa'azi, har taron gari ya hana. Daga nan idan ba baƙon mai wa'azi, sai su yi sujada ba wa'azi alhali yana zaune a garin. Abokansa na Scotland sun aiko da gudummawar kuɗi. Magoya bayansa sun so su kafa masa ikilisiya ta biyu a Northampton, majalisar da ta zauna a Mayu 1751 ta ba shi shawara ya karɓi kiran Stockbridge, inda ya zama faston 'yan tsirarun Turawa da mai bishara ga ƙabilar Mahikan da Mohok. A can ya rubuta manyan littattafansa na tauhidi. A farkon 1758 ya zama shugaban kwalejin da ake kira Princeton a yau, ya rasu ranar 22 ga Maris na shekarar sakamakon rigakafin agana.

Northampton ta yi fiye da shekara uku ba fasto, sai a ƙarshen 1753 ta keɓe John Hooker. A 1760 Joseph Hawley ya buga wasiƙa a jaridar Boston yana neman gafara a kan rawar da ya taka. A 1833 wasu membobi suka fita suka kafa sabuwar ikilisiya a garin, suka sa mata sunan Edwards.

TAMBAYA: Wani littafi ya ce an keɓe shi a 1726, wani ya ce 1727. Wanne ne daidai? (Daga wata ɗalibar tarihi)

AMSA: Duka biyun rana ɗaya suke nufi. Kafin 1752, Ingila da yankunan da take mulka suna fara sabuwar shekara ne ranar 25 ga Maris, don haka Janairu, Fabrairu da yawancin Maris suna ɗaukar lambar shekarar da ta gabata. Magatakarda na lokacin yakan rubuta 15 ga Fabrairu 1726, ko 1726/7. A lissafinmu 1727 ce. Haka rasuwar Stoddard za ki gan ta 1728/9, ruftawar bene kuma 1736/7. Ranakun da suka faɗo daga 25 ga Maris zuwa ƙarshen Disamba, irin su ranar sallama, ba su da wannan matsala. Akwai kuma tazarar kwana 11 tsakanin tsohuwar kalanda da sabuwa, wadda aka cike a Satumba 1752 da aka tsallaka daga 2 ga wata zuwa 14. Masana tarihi sukan gyara shekara su bar ranar yadda take a takarda, haka mu ma muka yi a duk amsoshin nan. Idan kina haɗa littafin ikilisiya da na taron gari, ki duba kowanne da wace ƙa'ida ya bi kafin ki jera abubuwan da suka faru, in ba haka ba taron Fabrairu zai fito miki kafin na Disambar da ya gabace shi.